Hausar Tasha a Kan Dandali: Wa Ake Yi wa Dariya?

Malam Aminu Kano yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya shirya wani wasan kwaikwayo mai dogon suna, *Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba?* Labarin mutanen karkara ne da ke shigowa birni da 'yan kuɗinsu, su faɗa hannun 'yan kasuwa masu zaƙin baki. Sunan wasan kaɗai ya isa abin tsayawa a duba. Babu malamin da zai buɗe wa'azi da irin wannan jimla, babu akawun da zai sa ta a takardar En'e. Gatse ne na bakin rumfa, irin wanda dillali ke jefa wa baƙo yana murmushi. Wajen ƙarshen shekarun 1930, lokacin da rubutun boko na Hausa bai daɗe da tsayawa da ƙafafunsa ba, wasan kwaikwayo ya riga ya jawo maganar kasuwa zuwa cikin makaranta.

Dalilin haka a fili yake. Rubutacciyar waƙa tana da kari da amsa-amo da ke tace mata kalmomi. Ƙagaggen labari yana da mai ba da labari, wanda yawanci yakan naɗa rawani kafin ya buɗe baki. Wasan kwaikwayo kuwa ba shi da komai sai bakunan mutane. In ɗan kamasho zai fito, dole ya yi magana kamar ɗan kamasho, in ba haka ba 'yan kallo su watse. Shi ya sa masu binciken tarihin harshe ke yawan komawa ga tsofaffin wasanni don jin yadda talakawa suke magana a zamanin da babu rikoda. Sai dai dandali yakan zaɓi bakin da zai sa wa sara da Hausar tasha, ya kuma zaɓi wanda zai bar wa tsabtatacciyar magana, kuma wannan zaɓin yana da nasa tarihin. Inda aka fi bin diddigin wannan tarihi shi ne Ingila ta zamanin Shakespeare, saboda haka bari mu fara leƙa can kafin mu dawo gida.

Wajen shekarar 1600 mutanen Landan sun kai kimanin dubu 200, da yawansu baƙi ne daga ƙauyuka. An gina gidan wasa na dindindin mai suna The Theatre a 1576, aka buɗe Globe a 1599, kuma da kwabo ɗaya mutum zai shiga ya tsaya a fili ya yi kallo. Lebura da ɗan koyon sana'a da basarake duk suna cikin gida ɗaya, kowa da inda yake zaune ko tsaye. Marubucin da ke son cika aljihu sai ya iya harshen kowannensu.

Tun kafin nan, wani mai hali a yankin Kent, Thomas Harman, ya wallafa wani ɗan littafi wajen 1566 yana gargaɗin jama'a game da mabarata da 'yan yawon duniya. A ƙarshen littafin ya jera kalmomi ɗari da 'yan kai na zaurancen da ya ce suna yi a tsakaninsu, wanda mutanen lokacin ke kira Faransancin 'yan koli. A ciki *pannam* na nufin burodi, *ken* gida, *cove* namiji, *mort* mace. Manufar Harman ita ce mai gida da alƙali su gane ɗan iska daga furucinsa. Shekara shida bayan haka, a 1572, majalisa ta yi dokar da ta tanadi bulala da huda kunne da ƙarfe mai zafi ga 'yan yawon da ba su da ubangida. Abin ban dariya, 'yan wasan kwaikwayo marasa ubangida su ma suna cikin jerin waɗanda dokar ta hau kansu.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Robert Greene ya fitar da ƙasidu a 1591 da 1592 kan dabarun 'yan damfarar Landan, yadda suke tare baƙauye a hanya su ja shi mashaya su wanke shi da karta, wato dai kasuwar Kano ta Malam Aminu da wasu tufafin. Thomas Dekker ya buga nasa a 1608. Sannan zaurancen ya hau dandali. A cikin *The Roaring Girl* na Dekker da Thomas Middleton, wanda aka buga a 1611, akwai fitowar da jarumar wasan, Moll, ke fassara wa wasu manyan mutane zaurancen wasu 'yan damfara biyu da suka yi shigar tsofaffin sojoji. An gina Moll a kan wata mace ta gaske, Mary Frith, wadda ta shahara da sa kayan maza a titunan Landan. Ben Jonson ya cika *Bartholomew Fair* na 1614 da 'yan sane da masu gasa nama da masu tallar waƙa. Richard Brome ya yi *A Jovial Crew* a 1641, shekara ɗaya kafin majalisa ta rufe gidajen wasa baki ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙa. Da masana suka jera kalmomin Dekker kusa da na Harman, sai suka ga yawancinsu kwafe ne. Zaurancen da 'yan kallo suka ji a 1611 a matsayin sabuwar maganar titi ya riga ya shekara fiye da 40 a cikin littafi. Duk wanda ya san sara ya san ba ta yin wannan tsawon rai a bakin masu ita, domin ranar da hukuma ta gane kalma, ranar masu ita ke sake wata. Abin da aka sayar wa 'yan kallo shi ne yadda masu hali suke zaton 'yan iska na magana, su kuwa suka biya kwabonsu suka tafi gida suna jin sun san sirrin titi.

Karin harshen karkara ma haka aka yi da shi. A cikin *King Lear*, Edgar, ɗan babban basarake, yana so ya ɓoye kansa, sai ya koma magana irin ta baƙauyen kudu maso yammacin Ingila, yana mayar da harafin s zuwa z, f zuwa v. Wannan lafazi ya zama tambarin gidadanci a dandalin Landan, ko daga wane yanki aka ce baƙauyen ya fito. A cikin *Henry V* na 1599 akwai hafsoshi uku, ɗan Wales da ɗan Ayalan da ɗan Sukotlan, kowanne da karyayyen Turancinsa. Hukuma kuma ba ta kau da kai ba. Dokar 1606 ta sa tarar fam 10 ga ɗan wasan da ya ambaci sunan Ubangiji da wasa a kan dandali, shi ya sa *Othello* da aka buga a 1622 ke ɗauke da rantse-rantsen da babu su a bugun 1623. Rantsuwa kuwa gishirin maganar talaka ce a ko'ina.

A ƙasar Hausa wasa ya girmi takarda nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi jan hankalina a tsofaffin wasanninmu shi ne inda dariya take fuskanta. Ɗan kama yakan zauna kamar malami, da allonsa ko 'yan takardunsa, ya ɗauko karin karatu da salon fassara na zaure, amma duk abin da yake jerowa tuwo ne da miya da fura. Yana wasa da harshen masu ilimi a gaban waɗanda ba su da shi. A wasan gauta matan fada ne ke kwaikwayon sarki da hakimansa, tafiyarsu da maganarsu. A kalankuwa, bayan an kawar da amfanin gona, samarin ƙauye kan naɗa sarkinsu da alƙalinsu da di'onsu da likitansu da 'yan dokarsu, su yi mulkin 'yan kwanaki suna yanke hukunci ana cin tara. Tashe kuma, daga goma ga watan azumi, yana da nasa mutanen, irin su Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani, kowanne da irin maganar da aka san shi da ita.

A duk waɗannan, Hausar garin ita ce ma'auni. Yaron Faskari da ke wasan di'o a dandalin ƙauyensu ba ya jin cewa *tahi* ko *shina* ko *ɗiya* abin dariya ne, domin haka uwarsa ke faɗi, haka mai gari ke faɗi. Abin dariya shi ne Hausar Bature mai fita ta hanci, da Larabcin alƙali, da kumburin ɗan doka. Dariyar daga ƙasa take tashi ta nufi sama.

Boko ya zo da wani ma'auni dabam. Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912. Hukumar Fassara, wadda ta koma Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East a Zariya, ta shirya gasar 1933 da ta haifar da *Ruwan Bagaja* da *Ganɗoki* da *Shaihu Umar*. *Gaskiya Ta Fi Kwabo* ta fara fitowa a Janairun 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai Hukumar Harshen Hausa a 1955. Daidaitacciyar Hausar da ta fito daga wannan aiki a kan Kananci aka ɗora ta. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya tattara kalmomin Katsina da na Sakkwato da yawa, amma da alama a gefensu mai nuna cewa na wani yanki ne. Ba na ganin laifin waɗanda suka yi wannan aiki, domin ba a buga jarida ɗaya da kare-karen harshe bakwai. Amma daga ranar da aka ce wannan ce Hausar littafi, sauran sun zama abin da ake sa wa wani a baki don a nuna ko shi wane ne.

Wasannin farko da aka buga na koyarwa ne. East ya fitar da *Six Hausa Plays* don 'yan makaranta, Abubakar Tunau ya rubuta *Wasan Marafa* a 1949 kan tsabta da kiwon lafiya. Wanda ya buɗe ƙofa sosai ga maganar titi shi ne Shu'aibu Maƙarfi, kuma ba mamaki, domin ta rediyo wasanninsa suka fara isa ga jama'a, inda kunne ne alƙali. *Zamanin Nan Namu* ya fito a 1959, *Jatau Na Kyallu* ya biyo baya. Labarin Malam Jatau, attajirin da ya auri karuwa ta kai shi ƙasa, ya ba Maƙarfi damar shigo da duniyar gidan mata da masu yi musu hidima, da habaicinsu da baƙar maganarsu. *Uwar Gulma* na Mohammed Sada ya kai mai karatu mashaya da gaban alƙali ta hanyar auren Hayatu da Halima. A 1979 Umaru Ɗanjuma Katsina ya fitar da *Kulɓa Na Ɓarna*, inda Alhaji Ruwan Ido ke hure wa 'yar makaranta kunne da kuɗi da mota.

Duk waɗannan wasannin gargaɗi ne, kuma suna da matsala irin ta Harman da Dekker. Marubuci yana cewa ku guji waɗannan mutane, alhali su ya ba magana mafi daɗi. Tambayi duk wanda ya karanta *Jatau Na Kyallu* a sakandare abin da ya rage masa a kai, da wuya ya ambaci nasihar dattawa. Ta wannan hanya Hausar bariki ta shiga aji, ta shiga takardar jarrabawa, a ƙarƙashin inuwar wa'azi. Wannan riba ce ga harshe, ko marubutan sun nufa ko ba su nufa ba. Hasarar ita ce an raba magana gida biyu: mutumin kirki yana yin Hausar littafi, ɗan duniya yana yin ta titi, kamar dai limamin unguwa bai taɓa yin gatse ba.

Samanja ya karya wannan rabo, kuma a ganina shi ne babban abin da ya faru ga harshen wasan Hausa a ƙarni na 20. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a Nuwambar 2023, Banufe ne kuma tsohon soja. Wasansa na *Samanja Mazan Fama* a rediyo da talabijin na Kaduna ya tsaya ne kacokan a kan Barikanci, Hausar da sojoji 'yan ƙabilu dabam-dabam suka ƙera wa kansu tun zamanin Turawa, mai jifa da jinsin namiji da na mace, mai gauraye da umarnin fareti. Sunan Samanja kansa muƙamin soja ne na Turanci da bakin Bahaushe ya murɗa, kamar kofur da saje da kurtu da hafsa. Bambancinsa da hafsoshin Shakespeare uku shi ne mai harshen ne da kansa ke riƙe da dandali. Ba kwafe ya yi daga littafin wani ba, a bariki ya rayu. Sojoji suna kallo suna jin kansu, farar hula suna dariya, kuma mai karyayyar Hausar shi ne jarumi.

Fina-finan Kano, tun daga *Turmin Danya* na 1990, sun gaji hanyoyin biyu. Sun zama babbar kasuwar sara, inda kalma kan fito daga bakin ɗan wasan barkwanci irin marigayi Rabilu Musa Ibro ta zagaye Arewa cikin 'yan makonni. Sun kuma cika da mutanen da lafazinsu kaɗai ne abin dariyar: Basakkwace, Bagwari, Buzu mai gadi, ɗan kasuwa Ibo, baƙauye mai *hwa* da *hi*, da kuma Bafillatanin daji da sandarsa da malfarsa. Hukumar tace fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta fi sa ido kan batsa da rawa da sutura, kamar yadda dokar 1606 ta sa ido kan rantsuwa. Wanda ake mayarwa wawa saboda lafazinsa ba shi da inda zai kai ƙara.

Wannan ya dawo da mu kudancin Katsina. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna zaune ne a mahaɗar kare-karen harshe. Ƙasar Katsina ce, amma Faskari da Ƙanƙara suna jingine da Zamfara ta wajen Tsafe, Sabuwa kuma tana kallon Birnin Gwari da ƙasar Zazzau. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa ƙasar Faskari ta Sheme da 'Yankara, kuma kasuwar dabbobi ta Sheme ta daɗe tana haɗa makiyayi da mahauci da dillali da direban babbar mota. A irin wannan wuri ake ƙera sara, wajen ciniki da la'ada da ɓoye farashi ga baƙo. A nan kuma Bahaushe da Bafillatani suka daɗe suna kwaikwayon maganar juna, kowa na tsokanar kowa, a rabu ana dariya. Kaɗan ƙwarai daga wannan magana ta taɓa shiga littafi, domin Zariya da Kaduna da Kano ne ke buga littattafai, kuma in mutumin wannan yanki ya fito a wasanninsu, yawanci a matsayin wanda za a cuta a kasuwa yake fitowa.

Ma'ajiyar wannan Hausa ita ce dandali da kasuwa, su kuwa su ne rashin tsaro ya fara ci. A daren 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, aka kuma katse layukan waya, kuma duka ukun nan suna cikin waɗanda abin ya shafa. Tashe da kalankuwa wasannin dare ne da na taron jama'a. Ƙauyen da mutanensa ke kwana da kunne ɗaya a buɗe ba ya sakin yara su zaga gida-gida bayan sallar asham, ƙauyen da aka tasa kuwa ba shi da dandalin ma. Yaron da ya girma a gidan haya a Funtuwa ko Katsina zai iya Hausa sarai, amma ta fim da ta waya zai iya, kuma da wuya ya san yadda kakansa ke kwaikwayon alƙali.

Sannan akwai abin da ya fi wannan nauyi. Bafillatanin dandali, wanda shekara 30 da suka wuce wawa ne mai ban dariya da ba ya cutar kowa, yanzu yakan fito a gajerun bidiyoyin TikTok da Facebook da bindiga a kafaɗa, da lafazin nan dai da aka saba. Mai kallo a Kano ko Abuja yana koyon abin da Harman ya so mai karatunsa ya koya, wato gane mai laifi daga furucinsa. Alhali duk wanda ya san yankin ya san cewa masu wannan lafazi sun haɗa da waɗanda aka kore wa shanu, da matan da ke tallar nono, da waɗanda suka gudu suka bar rugagensu, kuma ya san cewa cikin masu kai wa daji mai da abinci da labari akwai masu Hausa tsantsa. A shingen 'yan sa-kai, yadda mutum ya furta kalma ɗaya na iya yanke masa hukunci kafin a tambayi sunansa.

Rikicin ya haifi nasa kalmomin. *Daji* yanzu na nufin mutanen da ke cikinsa. *Kuɗin fansa* ya fito daga littattafan fiƙihu da tarihin bauta ya koma maganar yau da kullum. *Sulhu* ya sami wata ma'ana mai ɗaci. Sai kuma *infoma*, wadda aka aro daga Turanci, kalmar da babu ita a ƙamus ɗin Bargery. Dekker ya iya sa zaurancen ɓarayi a bakin Moll don nishaɗin manyan Landan saboda yawancin masu kallonsa ba abin da zai same su in sun fita. Marubucin da zai sa kalmar *infoma* a bakin ɗan wasa a filin makarantar firamare a Sabuwa yana magana ne da taron da a cikinsa akwai wanda aka taɓa jifa da ita, akwai wanda ya yi jifar, kuma mai yiwuwa akwai wanda zai kai labarin wasan daji kafin gari ya waye.